Tarihin Ta'addancin Wuƙa da Adda a Abijan da Matsalar Ƙididdigarsa

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta waiwayi tarihin faɗa da fashi da wuƙa a birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa, musamman a unguwannin Treichville da Adjamé, inda Hausawan Nijar da Nijeriya suka daɗe suna kasuwanci. Haka kuma za ta nuna dalilin da ya sa auna hauhawa ko raguwar wannan laifi yake da wuya.

Asalin Unguwannin

Bayan da Turawan Faransa suka mayar da Abijan babban birnin mulkinsu a shekarun 1930, sun keɓe wa kansu unguwar Plateau, 'yan ƙasa da baƙi kuma suka taru a Treichville ta kudu da Adjamé ta arewa. Buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950 ya samar da tashar jiragen ruwa, ma'aikata da fatake suka yi ta kwararowa. A nan Hausawa suka yi fice a fawa da gashin nama da sayar da garba, wato abincin rogo da soyayyen kifi. Ke nan wuƙa ta daɗe a matsayin kayan sana'a a waɗannan unguwanni.

Sauyin Makami

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, sai aka sami ƙungiyoyin majiya ƙarfi da ake kira ziguéhi, waɗanda suka fi tinƙaho da ƙwanji da dambe. Tawayen 2002 da rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka kimanin 3,000, sun cika gari da bindigogi. Bayan ƙura ta lafa aka shiga kwance ɗamarar mayaƙa, sai ga gungun yara daga Abobo ɗauke da adduna da wuƙaƙe. Jama'a suka laƙaba musu suna microbes, wato ƙwayoyin cuta. Aika-aikarsu ta bazu zuwa Attécoubé da Yopougon da tashoshin mota na Adjamé. Sun yi kama da 'yan daba na Kano ko 'yan sara-suka na Bauchi. Gwamnati ta kafa rundunar tsaro ta CCDO a 2013, 'yan sanda kuma suka ƙaddamar da samamen Épervier a 2016.

Matsalar Ƙididdiga

A waɗannan shekaru gwamnati ta riƙa bayyana cewa ma'auninta na tsaron ƙasa yana nuna ci gaba, yayin da mazauna unguwanni suke kukan sara da suka. Dalilai uku ne suka haddasa wannan saɓani.

Na farko, ma'aunin gama-gari yakan haɗa laifuffuka iri-iri wuri guda. Idan fashi da bindiga ya ragu sosai, jimilla za ta sauka ko da sara da adda yana ƙaruwa.

Na biyu, alƙaluman 'yan sanda suna ƙirga abin da aka kai musu ne kawai. Baƙon ɗan kasuwa da takardunsa ba su cika ba, ko mai tsoron ramuwa, yakan ɗaure rauninsa ya yi shiru. Wani kuma gun sarkin Hausawa yake kai kukansa.

Na uku, yawan wuƙaƙen da aka ƙwace yana nuna yawan samame fiye da yawan laifi. Bindiga tana da lamba, amma wuƙar mahauci da ta ɗan fashi duk ɗaya suke a ido.

Saboda irin haka ne a Ingila ake gwama hanyoyi uku: rijistar 'yan sanda, da lissafin waɗanda aka kwantar a asibiti da raunin suka, da kuma binciken tambayar magidanta wanda aka fara tun 1982.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa makamin titi a Abijan ya sauya tare da sauyin tattalin arziki da siyasa. Wajibi ne ɗalibi ya tambayi wanda ya yi ƙidaya, da abin da ya ƙirga, da wanda aka bari a baya, kafin ya yarda cewa laifi ya ƙaru ko ya ragu.