Gasar furanni da iyakokin unguwa a birnin Ƙurɗuba

Almajiran ƙasarmu sun san sunan Ƙurɗuba ta hanyar littattafan malaman Andalus. Amma a ƙasar Ispaniya ta yau, birnin ya yi suna da wani abu daban: gasar ƙawata tsakar gida da furanni, wadda ake yi a farkon watan Mayu na kowace shekara.

Wanda ke son fahimtar zafin wannan gasa, sai ya koma shekarar 1236, lokacin da sarki Fernando na Uku ya ƙwace birnin daga hannun Musulmi. Ya tarar da shi kashi biyu, ganuwa ta raba: Madina, da kuma ɓangaren gabas da ake kira Axerquía, wato Sharƙiyya. Aka yanka garin yanki 14, bakwai a kowane ɓangare, kowane yanki da majami'arsa. Daga nan unguwanni irin su Santa Marina da San Lorenzo suka gaji sunayensu da iyakokinsu.

A cikin waɗannan unguwanni talakawa suka zauna a gidajen haya, iyalai da yawa a gida guda, rijiya ɗaya, madafa ɗaya, wurin wanki ɗaya. Ɗakuna ƙunci, bazara kuma zafi. Don haka rayuwa ta koma tsakar gida. Mata suka shafe bango da farar ƙasa, suka rataya tukwanen furanni har kusa da rufi, suna ba su ruwa da gwangwani ɗaure a bakin doguwar gora.

Hukumar birni ta shirya gasar farko a 1921. Masu shiga ba su yi yawa ba, aka dakata sai 1933. Yaƙin basasa na 1936 zuwa 1939 ya sake katse ta, ta farfaɗo a 1944. A ƙa'ida gida ake ba kyauta, amma unguwa ce ke ɗaukar yabo. In wani gida a San Basilio, unguwar da tsohuwar ganuwa ta kange, ya yi nasara, duk maƙwabta sun yi nasara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Har yau bisa unguwanni ake tsara hanyoyin ziyarar baƙi.

A 2012 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun ɗan Adam. Daraja ta ƙaru, nauyi ma ya ƙaru. Baƙi na yin dogon layi a ƙofar gidajen mutane, masu kula da shukokin sun manyanta, iyalai da dama kuma sun ƙaura zuwa gidajen bene na bayan gari. Abin da aka yaba tun asali zaman tare ne, furanni shaidarsa ce kawai. Tsakar gidan da maƙwabta suka watse daga cikinta tana iya cin kyauta, amma wa zai fito ƙofa ya yi guɗa?