Tsofaffin Biranen Italiya da Karkarar Arewacin Kano: Tarihin Wata Tsohuwar Hulɗa

A 'yan shekarun nan ba abin mamaki ba ne a ji magidanci mai hali daga ƙasar Kano ya kwashi iyalinsa lokacin hutu ya kai su Italiya, domin su ga tsofaffin biranen da ake labari, watau Rum da Fulorans da Benis. Wannan shi ake kira yawon buɗe ido. Kalmar sabuwa ce a bakin Hausawa, domin kakanninmu sun san ziyara da fatauci da ci-rani da yawon almajiranci, amma tafiya mai nisa don kallo kawai ba ta cikin lissafinsu. Galibin masu irin wannan tafiya sukan ɗauka sun je ƙasar da babu abin da ya taɓa haɗa ta da tasu. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa tsakanin waɗannan birane da karkarar arewacin Kano akwai hulɗa ta kusan shekara ɗari biyar, kuma wasu shaidunta suna nan a ƙauyukanmu ba tare da an kula da su ba.

Yankin da ake magana a kai shi ne wanda ya tashi daga bayan ganuwar Kano ta arewa, ya bi ta Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa, ya kai Bichi da Ɗambatta. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, gona na jikin gona, ba a barin saura ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Jakuna kan kai itace birni, su komo da taki a mangala. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan tsari tun cikin shekarun 1960, ya nuna yadda ɗorawa da kuka da gawo da tsamiya da ke tsaye cikin gonaki suke da masu su, kamar yadda hatsin yake da mai shi. Manomin wannan yanki kuma mai sana'a ne da rani: masaƙi ne, ko marini, ko majemi, ko malamin allo. Ta nan ne zaren ya ƙullu da Italiya.

Iyalin da suka sauka Rum, bayan sun ga babban filin wasan Kolosiyam wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, akan kai su wata tsohuwar hasumiya a bakin kogin Taiba mai suna Castel Sant'Angelo. Masu yi wa baƙi jagora sukan ba da labarin sarkin Rumawa Hadriyan da ya gina ta don ta zama kabarinsa, da Fafaromomin da suka mai da ita mafaka. Da wuya su ambaci wani fursuna da aka tsare a cikinta, Alhasan ɗan Muhammadu Alwazzan. An haife shi a Garnaɗa ta Andalus, ya girma a Fas, ya yi tafiye-tafiye a matsayin ɗan aike da ɗan kasuwa. A 1518 'yan fashin teku suka kama shi a Bahar Rum, suka miƙa shi ga Fafaroma Liyo na Goma. A watan Janairu na 1520 aka yi masa baftisma aka sa masa sunan Fafaroman, shi ya sa Turawa suka san shi da Leo Africanus. A Rum ya kammala littafinsa na bayanin Afirka da harshen Italiyanci a 1526, wani masani mai suna Ramusio ya buga shi a Benis a 1550. An ruwaito cewa daga baya ya koma Tunis.

Cikin wannan littafi akwai babi a kan Kano, lokacin kuwa zamanin Sarki Muhammadu Kisoki ne, jikan Rumfa. Masana sun yi saɓani a kan ko Alwazzan ya taka ƙasar Kano da ƙafarsa ko kuwa daga bakin fatake ya ji, musamman da yake ya ce Askiya na Sanwai ya ci Kano da yaƙi, alhali littafin Tarihin Kano bai kawo wannan ba. Abin da ya fi jan hankalinmu a nan shi ne yadda ya siffanta ƙasar. Ya ambaci birni a tsakiya mai ganuwa da gidaje na ƙasa, da attajirai da masu sana'a, amma ya ce yawancin mutane a ƙauyuka suke, wasu na noma wasu na kiwo, kuma ƙasar tana ba da hatsi da shinkafa da auduga. Ashe ke nan manomin karkarar Kano ya shiga littafin ɗab'i a Benis ƙarni uku da rabi kafin zuwan Lugga. Mutanen Turai sun yi ta karanta wannan babi cikin Latin da Faransanci da Ingilishi, kusan shi ne abin dogaronsu game da Kano har farkon ƙarni na 19.

Ba Alwazzan kaɗai ba ne. Wani mutumin kudancin Italiya, Giovanni Lorenzo d'Anania, ya buga littafin bayanin duniya a Nafoli a 1573, aka sake buga shi da ƙari a Benis. Ya jera Kano tare da Fas da Alƙahira a matsayin manyan biranen ciniki uku na Afirka, ya kuma ambaci wani ɗan kasuwa, Vincenzo Matteo, mutumin Ragusa da ke gaɓar teku daura da Italiya, a matsayin wanda ya kawo labarin ƙasashen nan.

To, ta ina kaya da labari suke bi? Ayari kan taru a Fagge, inda Buzaye ke sauka da raƙumansu, ya keta gonakin arewacin Kano ya nufi Damagaram, daga nan Agadas, sai Gat, sai Gadamas, har Tarabulus. A Tarabulus kaya ke shiga jirgin ruwa zuwa tasoshin Bahar Rum, ciki har da Liborno da Benis da Tiriyaste. Larabawan Gadamas da na Tarabulus su ne dillalan wannan hanya, kuma unguwarsu a cikin birni ita ce Dandalin Turawa. Mai karatu ya lura, a tsohuwar Hausa Larabawa ake kira Turawa, sai daga baya sunan ya koma kan Nasara.

Wannan hanya ta arewa tana da muhimmanci ƙwarai ga sarakunan Kano. Bayan jihadi, sa'ad da Ɗan Tunku ya yi tawaye a arewa, Sarki Ibrahim Dabo (1819 zuwa 1846) ya mai da Fanisau, 'yan mil kaɗan daga birni, ribaɗi da sansanin yaƙi. A can Kyaftin Clapperton ya je ya gaishe shi a watan Janairu na 1824, bayan ya ƙetaro hamada daga Tarabulus ta Barno. Shekara 27 bayan haka Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo daga Katsina ta Bichi, ya shiga Kano a farkon Fabrairu na 1851. Wani abin sha'awa shi ne, shi kansa Barth tun yana ɗalibi ya yi yawon kallon tsofaffin biranen Italiya, saboda haka da idon wanda ya ga Rum ya dubi ganuwar Bichi da gonakin da ke kewaye da ita, ya kuma yaba da albarkar ƙasar. A kasuwar Kurmi ya lissafa kayan Turai da ya tarar: ruwan takubba daga Solingen, allurai da madubai daga Nurembag, sukari daga Faransa, duwatsun ado daga Benis da Tiriyaste, da kuma takarda mai alamar wata uku.

Wannan takarda ta cancanci a tsaya a kanta, domin a ganina ita ce babbar shaida. Ƙasar Hausa ta yi saƙa da rini da jima da ƙira, amma ba ta yi takarda ba. Allo ya wadatar da almajiri, amma malamin da zai rubuta Alƙur'ani ko ya kwafi Risala ko Ishriniya dole ya sayi takardar da ta ƙetaro hamada. Masu yin takarda a ƙasar Benis sun san kasuwarsu ta Musulmi ce, daga Istanbul zuwa Masar da Tarabulus, don haka suka riƙa sa mata tambarin jinjirin wata guda uku a jere, wanda suke kira tre lune. Tambarin ba da tawada ake yinsa ba. Da siririyar waya ake ƙulla siffar a jikin rariyar da ake tace dagwalon tsumma, sai wurin ya fi sauran takardar sirantaka, ba a kuma ganinsa sai an ɗaga ta ga haske. Cikin ƙarni na 19 gidan da ya fi shahara da wannan sana'a shi ne na zuriyar Galvani da ke kusa da garin Pordenone, arewa da Benis, har ma akan ga sunan Andrea Galvani a jikin wasu takardun. Masu nazarin rubuce-rubucen hannu na arewacin Nijeriya sun tarar da irin wannan takarda da yawan gaske a tarin littattafan Kano da Sakkwato da Barno.

Amfanin wannan ga tarihi ba ƙarami ba ne. Sau da yawa malaminmu na da yakan rufe littafi da addu'a da sunansa, ya bar shekara. Idan aka san gidan da ya yi takardar da zamanin da ya yi amfani da wani tambari, an sami iyakar da littafin ba zai girme ta ba. Ke nan tsohon Alƙur'anin da ke cikin gafaka a zauren wani malami a ƙasar Minjibir ko Bichi yana iya ɗauke da shaidar shekarunsa a jikinsa. Sai dai gara da ɗigar damina da rabon gado ba sa jiran mai bincike. Littafin da ba a ɗinke ba, in magada suka raba shi warƙa-warƙa don tabarruki, da wuya ya sake haɗuwa.

Sauran kayan sun fi saurin ɓacewa. Duwatsun gilashi na tsibirin Murano, inda hukumar Benis ta tattara masu hura gilashi tun 1291, sun shiga wuyan amare da kayan ɗakinsu. Baƙi har yanzu suna shiga kwale-kwale su je kallon masu wannan sana'a. Alharini, watau ragowar silikin masaƙun Turai da ake rinawa ja a kawo ta Tarabulus, ya shiga hannun masaƙa da maɗinka na ƙauye. Abin da ke fita kuwa shi ne tufafi da hauren giwa da gashin jimina da jemammiyar fatar akuya, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko don ta tasoshin arewacin Afirka take isa gare su.

Wani abin lura shi ne Italiya na cikin waɗanda suka rufe wannan hanya. A watan Oktoba na 1911 sojojinta suka mamaye Tarabulus, yaƙi ya hana ayari sakewa. A wannan shekara kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano daga kudu. Daga 1912 manoman karkara suka rungumi gyaɗa, fuskar ciniki ta juya zuwa Ikko. Fata ce kawai ta ci gaba da tafiya Italiya, ta teku. Har yau kaso mai yawa na fatun da ake tarawa a kasuwannin ƙauye, a jeme a masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai, can ake kai su a ƙarasa gyara. Uwargidan da ta tsaya taya jaka a kasuwar San Lorenzo ta Fulorans, ba mamaki fatar akuyar ƙasarsu take shafawa.

Shi kuwa talakan karkara yana da nasa yawon kallon tun da daɗewa, ko da bai kira shi buɗe ido ba. Da Salla magidanci kan sa yaransa gaba su shiga birni kallon hawan Daushe, su hau Dala, su leƙa Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Bisa al'ada kuma, a Babbar Salla sarki da kansa yakan fito karkara ya yi hawan Fanisau, mutanen ƙauyukan kewaye su yi dafifi a bakin hanya. A Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Amma ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, Rumfa da Muhammadu Nazaki suka faɗaɗa, tana cikin jerin jiran tantancewa na wannan hukuma tun 2007, alhali tsakiyar Rum ta shiga jerin a 1980, Fulorans a 1982, Benis a 1987.

Akan ce bambancin shi ne nasu dutse ne namu ƙasa ce. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ganuwar Rum da aka gina tsakanin 271 da 275 ta tubali ce, kuma ta tsaya ne saboda an yi ta gyaranta ƙarni bayan ƙarni. Benis kuwa a kan turakun itace take zaune cikin ruwa, kullum ana fama da ita, har a 2024 hukumar birnin ta fara karɓar Yuro 5 daga baƙin yini ɗaya a wasu ranaku don rage turmutsitsi. Ginin ƙasa ma yana daɗewa in ana yi masa yaɓe. A da gyaran ganuwa aikin gayya ne da sarauta ke kira, kowane yanki da rabonsa. Da Turawa suka ci Kano a Fabrairu na 1903 ganuwa ta daina zama kariya, aikin ya mutu, magina suka koma ɗibar ƙasarta suna yin tubali, masu neman fili suka bi bayansu. Birnin Kano ya sami masu yi masa kuka a jarida. Ganuwar ƙananan garuruwa irin su Bichi da Fanisau kuwa, wadda Barth da Clapperton suka gani, garma da gini sun ci yawancinta shiru, sai tudu nan da can da kududdufin da aka haƙi ƙasarta, da sunayen ƙofofi da suka rage a bakin tsofaffi.