Jarrabawar Ƙwarewa a Kula da Sabar: Nazarin Abin da Ɗan Gaya da Ajingi Zai Tarar

Sabar kwamfuta ce da aka keɓe domin ta yi wa sauran kwamfutoci hidima: ta ajiye bayanansu, ta tantance mai shiga, ta amsa buƙatunsu dare da rana. Duk ɗalibin da ya zauna jarrabawar JAMB tun 2015, shekarar da aka mayar da ita ta kwamfuta zalla, ya yi hulɗa da sabar ko bai sani ba, domin daga gare ta tambayoyi ke fitowa a cibiya. Mai kula da sabar shi ne ma'aikacin da ke kafa ta, ya tsare ta, ya farfaɗo da ita idan ta tsaya. Takardar shaidar ƙwarewarsa da muke nufi kuwa ba digiri ba ce. Kamfani ko ƙungiyar masu sana'a ke bayar da ita bayan jarrabawa, ba tare da tambayar makarantar da mutum ya yi ba.

Muna iya kasa waɗannan jarrabawoyi gida biyu: mai auna sani da mai auna aiki. Misalin ta farko shi ne Server+ ta ƙungiyar CompTIA ta Amurka, wadda ba ta jingina da kayan wani kamfani ba. Zubinta mai lamba SK0-005, da ya fito a 2021, bai wuce tambayoyi 90 ba a cikin minti 90, ana kuma cin ta da maki 750 a ma'aunin da ya tashi daga 100 zuwa 900. Kashi 30 cikin ɗari na tambayoyin a kan gudanarwa suke, 28 a kan gano matsala, 24 a kan tsaro da farfaɗowa bayan asara, 18 a kan ƙarafan injin. Akasari zaɓen amsa ne, amma akan haɗa da 'yan ayyukan kwaikwayo masu cin lokaci. Za a iya tambayar ɗalibi game da RAID, wato dabarar haɗa faifan ajiya da yawa su yi aiki tamkar ɗaya, inda ya kamata ya san cewa mataki na 5 yana buƙatar aƙalla faifai 3, kuma mutuwar ɗaya kaɗai yake iya jurewa.

Kashi na biyu shi ya fi cancantar a tsaya a kansa. A jarrabawar RHCSA ta kamfanin Red Hat, mai lamba EX200, babu zaɓen amsa ko ɗaya. Injin Linux ake miƙa wa ɗalibi, da jerin ayyuka, ba intanet, sai littattafan bayani da ke cikin injin. Yana buƙatar maki 210 daga cikin 300. Sharaɗin da ke kayar da mutane shi ne dole aikin ya dawwama bayan an kashe injin an kunna. Ɗalibi na iya haɗa sabon faifai, ya gan shi yana aiki sarai, amma ya manta bai rubuta shi a fayil ɗin fstab ba, wato jerin faifan da injin ke ɗaukowa duk lokacin da ya tashi. Da an sake kunnawa, aikin ya bi ruwa. Idan kuwa ya rubuta da kuskuren harafi ɗaya, injin na iya ƙin tashi yadda ya kamata, sauran ayyukan da ya yi daidai su tafi tare da shi. A ganinmu wannan tsanani adalci ne, domin a wurin aiki ɗauke wuta kan zo ba sallama.

Wurin zama ma iri biyu ne, kuma a nan ne lamarin ya fi shafar mutanen masarautar Gaya. Na farko cibiya ce. Kamfanin Pearson VUE, mai gudanar da jarrabawoyin CompTIA da Microsoft, yana da cibiyoyinsa a manyan birane, saboda haka akwai tafiya. Ana neman katin shaida mai hoto, kuma sunan da ke jikinsa dole ya dace da wanda aka yi rajista da shi. Wannan ba ƙaramin tarko ba ne a wurinmu, inda mutum kan ɗauki sunan garinsu a takardar makaranta, sunan kakansa a katin ɗan ƙasa, ko ya rubuta Muhammad a nan, Mohammed a can.

Na biyu shi ne zama a gida ta tsarin OnVUE na wannan kamfani, inda mai sa ido ke kallon ɗalibi ta kyamara daga wata ƙasa. Ana ɗaukar hoton ɗakin ta kowace kusurwa, a share tebur, a hana magana da tashi. Shigowar ƙane da kwanon abinci kaɗai na iya sa a soke jarrabawar, abin da ke da wuyar kaucewa a gidan gandu. Sharuɗɗan sun kuma hana jona kwamfuta da intanet ɗin wayar hannu, alhali shi ne madogarar mafi yawan mutane a Ajingi da ƙauyukanta. Sai kuma wuta: wanda ba shi da sola ko batir mai ƙarfi ya jingina kuɗinsa da sa'a. Hukuncinmu shi ne ɗan wannan yanki ya zaɓi cibiya, duk da kuɗin mota da na kwana.

Kuɗin rajista da dala ake ƙiyasta shi, kuma tun Yunin 2023 da aka saki naira a kasuwa faɗuwa a jarrabawa ta ƙara tsada. CompTIA kan nuna sakamako a allo nan take, Red Hat kuwa ta imel take aikowa bayan 'yan kwanaki. Shaidar Server+ ba ta ƙarewa, ta RHCSA shekara 3 take yi, Microsoft kuma ta jingine tsohuwar shaidarta ta MCSA a ranar 31 ga Janairun 2021, sababbin shaidunta irin AZ-104 duk shekara ake sabunta su kyauta. Atisaye shi ne ɓangaren da bai da tsada: da manhajar VirtualBox, mai ƙirƙirar injin kwaikwayo a cikin kwamfuta, da Rocky Linux ko AlmaLinux, dukansu kyauta, ɗalibin Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil ko mai shagon kwamfuta a Gaya zai iya ɓata sabar ya gyara sau da yawa kafin ya biya ko sisi.