Tarihin Garafin: Daga Bakin Fensir Zuwa Ƙaramin Kamfanin Aachen

Baƙin abin da ke cikin fensir, wanda ake kira garafait, ba kome ba ne illa shimfiɗu na ƙwayoyin zarrar kabon da aka ɗora bisa juna kamar ganyen littafi. Idan aka ɓare shimfiɗa ɗaya tak, wadda kaurinta bai wuce na ƙwayar zarra guda ba, ita ce garafin. Tun a shekarar 1947 masani Philip Wallace na ƙasar Kanada ya yi lissafin halayenta a kan takarda, amma masana da yawa suka ɗauka abu mai wannan siranta ba zai iya zama shi kaɗai ba tare da ya lalace ba.

A shekarar 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov na Jami'ar Mancesta da ke Ingila suka warware wannan zato. Salatif suka riƙa manna wa garafait suna ɓarewa, har suka sami shimfiɗa guda, suka auna yadda lantarki ke gudu a cikinta. Wannan aiki ya jawo musu kyautar Nobel a 2010. Sai dai ɓarɓashin da salatif ke bayarwa ƙanana ne ƙwarai, kuma ba a san inda za su faɗa ba. Masana'anta kuwa tana buƙatar dubban na'urori iri ɗaya a kan faifan silikon guda, kowace tana aiki daidai da 'yar uwarta. Tsakanin teburin malami da masana'anta akwai tazara mai nisa, kuma a cikin wannan tazara ce wasu ƙananan kamfanoni suka sami aikinsu.

Ɗaya daga cikinsu shi ne AMO, wanda aka kafa a 1993 a birnin Aachen na Jamus, kusa da iyakar Beljiyam da Holan. Kamfani ne na bincike da ba riba ya sa a gaba ba, yana da alaƙa ta kusa da Jami'ar RWTH ta birnin, kuma Farfesa Heinrich Kurz ya daɗe yana jagorancinsa. Sana'arsa ita ce ƙira a ma'aunin nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Ana yin wannan aiki a ɗaki mai tsananin tsabta, inda ake tace iska, ma'aikata kuma su rufe jikinsu daga kai har ƙafa, domin ƙwayar ƙura guda tana iya ɓata aikin makonni. A nan ake shafa wa faifai wani sinadari, a zana siffa a kansa da haske ko da harbin ilektron, sannan a kankare wuraren da ba a so.

A 2007 Max Lemme da abokan aikinsa a AMO suka wallafa sakamakon tiranzistar garafin mai ƙofar sarrafawa a samanta, irin tsarin da masana'antu suka saba da shi. A lokacin an yi fatan garafin zai gaji silikon a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Fatan bai cika ba, saboda wani aibi da ke cikin halittarsa: lantarki ba ya yankewa a cikinsa gaba ɗaya. Lissafin kwamfuta kuwa ya dogara ne ga makunnin da ke kunnuwa ya kuma mutu sarai.

Abin da ya zama cikas a wannan fage sai ya zama alheri a wani. Halin da ya hana garafin kashe lantarki shi ne ya ba shi ikon shan haske kowane iri. Shimfiɗa guda tana shanye kashi 2.3 cikin ɗari na hasken da ya ratsa ta, kuma tana mai da shi lantarki cikin hanzari. Saƙonnin intanet kuwa a matsayin haske suke tafiya cikin zaren gilashi, dole a kowane ƙarshe a sami na'urar da za ta juya lantarki ya zama haske, da wadda za ta mai da shi yadda yake. Masanan IBM sun nuna na'urar gane haske ta garafin a 2009. A 2014 Daniel Schall da abokansa a AMO, tare da Bell Labs na kamfanin Alcatel-Lucent, suka shimfiɗa garafin a kan siririyar hanyar haske ta silikon, suka karɓi saƙo mai saurin gigabit 50 a daƙiƙa. Muhimmancin wannan aiki shi ne garafin ɗin ba na salatif ba ne, irin wanda ake iya samarwa da faɗi ne.

Samar da shi da faɗi yana da tasa wahalar. Ana tura iskar metan a kan fallen tagulla mai zafin da ya kai kusan digiri 1000, kabon ya kwanta a kai. Daga nan sai a ɗauke shimfiɗar a mai da ita kan faifan silikon, kuma a wannan ɗauka ne take yamutsewa, ko ta yage, ko ta kwashi datti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa a 2013 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin Graphene Flagship na shekara goma, da kasafin da aka ƙiyasta ya kai Yuro biliyan ɗaya, a ƙarƙashin kulawar Jami'ar Chalmers ta Suwidin. A 2020 shirin ya buɗe layin gwajin ƙira, inda AMO ya haɗa gwiwa da imec ta Beljiyam, da VTT ta Finlan, da Graphenea ta Sifen. Jami'o'i da kamfanonin da ba su da ɗakin ƙira na kansu suka sami damar aika zanensu, a haɗa na mutane da dama a faifai guda, a raba kuɗin aikin.

A wannan shekara ta 2020 Daniel Schall da ɗan'uwansa Sebastian suka kafa kamfanin Black Semiconductor, wanda ya tsiro daga AMO, da nufin haɗa ƙwaƙwalen kwamfuta da haske maimakon wayar tagulla, wadda ke cin wuta tana kuma yin zafi. A 2024 kamfanin ya sami kimanin Yuro miliyan 254, mafi yawansu daga gwamnatin tarayyar Jamus da ta jihar da Aachen take ciki. Shekara 20 ke nan bayan gwajin salatif na Mancesta. Jarrabawar da ta rage ita ce a fitar da faifai bayan faifai ba tare da aibi ba, a kan farashin da masu saye za su yarda su biya.