Rumbu da Ikon Buɗe Shi a Ƙasar Damagaram

Matafiyin da ya tashi daga Zindar bayan girbi, ko ya nufi kudu wajen Magarya da Matamaye, ko ya yi arewa zuwa Tanut, abin da idonsa zai fara faɗawa a kai a bakin kowane ƙauye, tun bai ga masallaci ko ƙofar mai gari ba, shi ne rumbuna a jere, kowanne a ɗore bisa duwatsu da jinkarsa a ka. Dalilin wannan ba ɓoyayye ba ne, domin ƙasa ce da ruwan sama ba ya wuce wata uku ko huɗu a shekara, wata shekarar ma ya yi rowa, alhali kuwa ciki ba ya sanin damina balle rani. Saboda haka dukan tadbirin zaman mutanen Damagaram, daga talaka har sarki, ya rataya ne a kan yadda za a sa abin da aka girbe a kaka ya kai wata kakar, in da hali ma ya zarce ta.

Ma'ajiyar hatsi iri biyu aka fi sani, kuma zaɓen ɗaya daga cikinsu ba sha'awa ke kawo shi ba, yanayin ƙasa da ƙarfin aljihu ke hukunta shi. Inda ƙasa jigawa ce, yumɓu ya yi wuya, sai a saƙa zana da gamba ko a ɗaure karan dawa, a kewaye ta a bisa itatuwan da aka shimfiɗa kan manyan duwatsu, a kifa mata jinka. Wannan shi ne rumbu na galibin manoma, mai sauƙin kafawa, mai barin iska ta ratsa dammunan gero, sai dai ba ya daɗewa, wuta kuwa ba ta yi masa sallama. Inda kuma akwai ƙasar gini da magina, sai a ɗaga rufewa, wadda wasu ke kira rahoniya, a bi ta da hannu zagaye bayan zagaye, ana barin kowane zagaye ya sha iska kafin a aza na bisansa, cikinta ya buɗe, bakinta ya tsuke har ya zama mutum ɗaya ne kaɗai zai iya zurawa, shi ma sai da tsani. Duwatsun ƙarƙashi suna tsare danshi da gara, suna kuma barin sarari inda kaji ke fakewa suna tsince ƙwari. Wake kuwa, da yake shi ne abin da ƙwaro ya fi ƙauna, akan cuɗa shi da toka ko rairayi a tukunya a liƙe bakin da laka. An kuma fi son kafa rumbunan a gefen gari, nesa kaɗan da murhu, don in gobara ta ci ɗakuna a lokacin hunturu kada ta haɗa da abinci.

Babbar hikimar dai tana cikin yadda ake zuba hatsin. Ba a sussuke gero kafin a ajiye, da zangarniyarsa ake shigar da shi dami dami, sai ranar bukata a ɗebo gwargwadon abin da za a ci, mata su sussuka su sheƙe. Geron da aka bari a zangarniya, in ya bushe sarai kuma jinka ba ta yoyo, yana iya yin shekaru bai lalace ba, alhali tsabar da aka zuba a buhu ƙwaro na iya shigarta kafin shekara ta kewayo. Malamai sun daɗe suna tunatar da manoma cewa wannan ita ce shawarar da Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bai wa Sarkin Masar game da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na ƙunci. Manomin Mirya da bai taɓa zama gaban malami ba shi ma haka ya tarar kakansa yana yi.

To, amma abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne wane ne ke da ikon buɗewa. Rumbu ba shi da kwaɗo ba shi da mabuɗi, kunya da tsoron hukunci ne ke gadinsa, domin wanda aka kama yana fasa rumbun wani ya gama zubar da mutuncin zuri'arsa. A cikin gida kuwa al'ada ta raba iko daki daki. Hatsin gandu, watau wanda dukan mutanen gida suka noma tare, yana hannun mai gida. Idan an gama girbi ya fitar da zakka da na biyan bashi, sai ya ba matansa rabonsu na rani, samari su tafi cin rani, a rufe rumbun gandu, ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma, lokacin da jiki ke bukatar ƙarfi kuma hatsi ya yi tsada a kasuwa. Mace kuma tana da nata, abin da ta samu a gayaunarta, da tukwanen da ta jera a ɗaki cike da daddawa da busasshiyar kuɓewa da kuka, da adakar tufafinta, da jeren ƙorai wanda daga baya tasoshi da kwanonin sha suka maye gurbinsa. Shari'a ta tabbatar mata da mallakar wannan duka, miji ba ya sa hannu sai da yardarta, kuma gidaje da yawa da ajiyar uwar gida suka ƙetare watan da rumbun gandu ya yi ƙasa.

Daular Damagaram ita ma a kan wannan harsashi ta tsaya. Tun da Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da mazaunin sarauta Zindar a farkon ƙarni na 19, ƙasar tana biyan gaisuwa ga Shehun Barno a Kukawa, har zuwa zamanin ɗansa Tanimun, wanda ya yi kimanin shekara 30 a kan gado ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da garu, ya tara bindigogi, har ya sa maƙera suka zuba masa igwa, ba a taɓa ciyar da barade da dawaki da bayin sarki da alburushi ba, da gero aka ciyar da su. Hanyar samunsa ta farko ita ce zakkar hatsi, wadda littattafan Malikiyya irin su Risala suka bayyana hukuncinta, cewa idan amfanin gona ya kai nisabi, watau sa'i 300, kuma ruwan sama ne ya shayar da shi, ushirinsa ya zama wajibi a fitar. Ta biyu kuwa ita ce noman bayi a gonakin sarki da na manyan fada, abin da bai kamata mai rubuta tarihi ya kau da kai daga gare shi ba, domin da yawa daga hannuwan da suka cika rumbunan fada an kamo masu su ne a yaƙi. Garu ma kansa ba ya amfani ga birnin da ba shi da abincin wata da watanni a ciki.

Fatauci kuma haka. Barth, baturen nan Bajamushe da aka sani da Abdulkarim, wanda ya sauka Zindar a ƙarshen 1852 ya tashi a watan Janairu na 1853, ya tarar da gari ne da ke tsaye a mahaɗar hanyar Barno da ta Kano da ta Tarabulus. Azbinawa sukan ɗauki geron Damargu da na Damagaram a kan raƙuma, su keta Tenere zuwa Fashi da Bilma, inda ba a noma hatsi, su musanya shi da kantun gishiri da dabino, su komo da su kasuwannin ƙasar Hausa. Ashe ke nan rumbun ƙauye shi ne jarin ayari. Attajiran Zindar na unguwar Birni da na Zango, waɗanda Malam Yaro ya fi kowa suna a cikinsu a ƙarshen ƙarnin, su nasu ma'ajin daban ne: taska ce ta tubali da rufin azara, a can cikin gida bayan an wuce zaure biyu ko uku, mai ƙofa ɗaya ba taga, inda ake jibge ƙirgi da gashin jimina da turmin alawayyo da wuri a taiki. Masu zuwa kallon zanen da ke fuskar gidajen Birni a yau ba safai suke tambayar abin da ya biya ladan maginan ba.

Faransawa suka ci Damagaram bayan yaƙin Tirmini a 1899, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, Zindar ta zama hedikwatar ƙasar Nijar daga 1911 har aka mai da ita Yamai a 1926. Abin da ya taɓa rumbu daga zuwansu shi ne haraji na kuɗi, wanda ake nema daidai lokacin kaka, sa'ad da gero ya fi arha, sai ya zamana manomi ya sayar da dami da yawa don ya sami abin biya kaɗan, ga kuma hatsin da ake karɓa don ciyar da soja da 'yan aikin tilas. Da fari ya zo a 1913, yunwar da Hausawa suka sa wa suna Kakalaba ta tarar da rumbuna babu tsohon hatsi, ta yi ɓarnar da tsofaffi suka daɗe suna ba da labari. Bayan wata yunwar ta 1931, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasar, hukumar Nasara ta wajabta wa kowane gari rumbun tsimi, kowane mai gida ya zuba rabonsa, ba a buɗewa sai da iznin kwamandan. A takarda dabara ce mai kyau, kuma ba ta saɓa wa abin da mutane suka gada ba. Amma da yake gardi ne ke tsaye a kan zubawa, kuma mai hatsi yana iya kwana da yunwa yana kallon hatsinsa bai isa ya taɓa ba, sai talakawa suka ɗauke ta wani harajin ne aka sake wa suna, 'yan siyasar neman mulkin kai suka sa ta cikin abubuwan da suke kuka da su, ta kuwa shuɗe tare da mulkin da ya kawo ta.

Daga nan zamanin buhu da mangaza ya shigo. Gyaɗa ta mamaye gonakin Magarya da Matamaye, kamfanonin Faransa suna saye, daga 1962 kuma kamfanin gwamnati SONARA ya karɓi cinikin. Gonar da ta ba da gyaɗa kuwa kuɗi take kawowa, kuɗi kuma ba ya jiran damina. A 1970 aka kafa hukumar OPVN don ta riƙe hatsin ƙasa a manyan ɗakunan siminti da kwano, ba a jima ba farin 1973 ya jarraba ta, zargin karkatar da abincin agaji yana cikin hujjojin da soja suka kafa ranar 15 ga Afrilu 1974, da Seyni Kunce ya kifar da gwamnatin Diori Hamani.

A yau ana sayar da gero da tiya a Kasuwar Dole, tiya 40 buhu guda, kuma gidaje da yawa, saboda gonaki sun tsuke iyali sun yawaita, ba sa girbe abin da zai kai su bazara, balle a yi zancen tsohon hatsi. An kawo bankunan hatsi na ƙauyuka, an kawo tsarin jinginar da amfanin gona a mangaza a karɓi rance har farashi ya tashi, an kawo buhun PICS mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaron wake ba tare da magani ba. A cikin waɗannan duka buhun ne ya fi saurin karɓuwa, kuma ina ganin dalilin a fili yake, domin shi kaɗai ne mutum ke ajiyewa a ɗakinsa ya kwance ranar da ya ga dama; bankunan hatsin kuwa, waɗanda suka rayu su ne waɗanda mutanen gari, musamman mata, suka zaɓi masu riƙon amanarsu da kansu, waɗanda aka naɗa musu shugabanni daga sama kuma da yawansu gini ne kawai ya rage.