Auren Zango: Daga Salaga Zuwa Kumasi



Makon jiya aka ɗaura auren ƙanwata a nan Abuja, ango kuwa mazaunin Kumasi ne. Shekara biyu suna zance ta waya. Da iyayenmu mata suka fara cewa za a kai yarinya uwa duniya, sai Baba ya ce ai kakanninmu ne suka share wannan hanya.

Gaskiyarsa. A ƙarni na 19 fataken Kano kan kai kanwa da tufafi Salaga ta ƙasar Gonja, su ɗoro goro a kan jakuna. Tafiyar takan ci watanni, shi ya sa wasu suka zauna a zango suka yi aure can, wasu kuma matansu suka bi ayari suka same su. Da yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, sai iyalai suka watsu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Accra.

Amma zaman ƙasar wani sai da lura. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar Ghana. Mata da yawa suka dawo da 'ya'yan da ba su taɓa ganin Najeriya ba, aka bar gidaje da shaguna.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 kwana 90 kacal ta yarda mutum ya zauna ba biza. Shi ya sa na ce wa ango: kafin jeren ɗaki, a fara nema mata takardar zama.

Allah ya ba su zaman lafiya, amin.