Sassaucin iyakar gudu ga motocin 'yan sanda a Birtaniya

Sassaucin iyakar gudu dama ce da doka ta bai wa direbobin 'yan sanda, da na motocin kashe gobara da na ɗaukar marasa lafiya, su wuce gudun da aka ƙayyade a kan titi idan aiki ya buƙaci haka.

Tushen doka

A Birtaniya, sashe na 87 na dokar tsara zirga-zirgar ababen hawa ta shekarar 1984 ne ya tanadi wannan dama. Sharaɗin shi ne motar tana bakin aiki, kuma bin iyakar gudun zai iya kawo wa aikin cikas. Dokar ba ta wajabta kunna jiniya ko shuɗiyar fitila ba.

Dalilai

'Yan sanda kan ƙara gudu don kai ɗauki wurin haɗari ko fashi, ko bin wanda ake zargi ya tsere. Haka kuma sukan bi mota a baya don auna gudunta. Wani lokaci ba sa kunna jiniya don kada mai laifi ya farga.

Iyakar damar

Sassaucin bai halatta tuƙin ganganci ba, kuma ana iya gurfanar da ɗan sanda a kotu a kansa. Wata doka ta 2022 ta tanadi a kwatanta tuƙin ɗan sandan da ya samu horo da na ƙwararren ɗan sanda mai irin horonsa, maimakon na direba gama-gari. A Ingila da Wales, ana miƙa wa hukuma mai zaman kanta ta IOPC batun duk mutuwar da ta biyo bayan irin wannan tuƙi.